Wasoso, tazarce, faba-faba: daga ina maganar titin Yamai ta fito?

  

An ce in yi magana kan kalmomin titi, irin waɗanda muke yi a fada da tasha da cikin taksi, waɗanda mushe ba ya yarda a rubuta su a takardar jarrabawa. Na san akwai mai cewa a ransa: ƙasa tana cikin wannan hali, shinkafa ta yi tsada, aiki babu, shi ne za a tara mu a kan faba-faba da kabu-kabu? Ku ba ni minti arba'in. Abin da nake son nunawa shi ne, talakan garin nan ba shi da jarida, ba shi da kujera a majalisa, amma duk abin da aka yi masa sai ya raɗa wa abin suna. Sunan nan kuwa ya fi gwamnatin da ta jawo shi tsawon rai.

Mu fara da kuɗi, tunda shi ne ya fi damun kowa a nan. Baƙo ya sauka Yamai, ya tambayi kuɗin ƙosai, aka ce masa ashirin. Ya miƙa tamma ashirin da biyar yana jiran canji, mai ƙosai ta bi shi da kallo. Ashirin ɗinmu dala ashirin ce, wato sefa 100. Bazabarme ma haka yake lissafi, waranka ce, sefa 100. Ita wannan dala ta girmi sefa, ta girmi zuwan Faransawa. Sunan wani kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wanda ake bugawa da shekarar 1780 a jikinsa, fatake suka riƙa ratso Sahara da shi. Turawa suna ce masa taler, kuma daga tushen nan ne dalar Amurka ta samo sunanta. Da Faransawa suka kawo ƙwandalarsu ta faran biyar, ita ma babba ce ta azurfa, sai kakanninmu suka ce ai wannan dala ce. Azurfar ta tafi, an karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994, amma har yau da biyar-biyar muke ƙirga. Jika kuma jaka ce, jakar da ake zuba kuɗi a ƙulle. Yau takarda ɗaya ce ta sefa 1000 da ba ta kai ka kasuwa ta dawo da kai, amma muna kiranta da sunan buhu.

Sai abin hawa. Faba-faba Zabarmanci ne, daga faaba, taimako, agaji. Wato ƙaramar bas ɗin nan da ake cusa mu kamar kifin gwangwani, sunanta agaji-agaji. Wanda ya raɗa sunan ya san abin da yake faɗi: bas ɗin gwamnati ba ta isa ba, taksi ba ya shiga unguwarku ko kuma ya ce kurus biyu, sai wannan ta zo ta cece ka. Akwai godiya a cikin sunan, akwai kuma zargi ga waɗanda ya kamata su yi aikin. Ga-ruwa shi ma haka. Kiran mai talla ne, ga ruwa, ga ruwa, ya zama sunan sana'a, har Bazabarme da mai Faransanci suna faɗinsa ba tare da sun tuna Hausa ba ce. Muna zaune a bakin kogi mafi girma a Afirka ta Yamma, amma ɗaya daga cikin kalmomin da Hausa ta ba duk garin ita ce sunan mai tura jarkoki a baro.

Adaidaita kuwa tana da ranar haihuwa. A Kano, gwamna Ibrahim Shekarau ya kafa wani shiri na gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu a 2004, irin kiran da liman yake yi kafin a tada kabbara. Da aka zo maganar hana ƴan acaɓa ɗaukar mata, gwamnati ta kawo babura masu ƙafa uku, mutane suka liƙa musu sunan shirin. Shirin ya wuce, gwamnan ya sauka, babur ɗin ya shigo Maraɗi da Damagaram har nan, yana ɗauke da sunan wa'azi, alhali kuwa in akwai abin da ba ya daidaita sahu a kan titi, to shi ne. Kabu-kabu a Legas tsohuwar mota ce da ake haya da ita ba rajista, a wajenmu da Sakkwato babur ne. Kalma takan ƙetare iyaka ba fasfo, kuma ba dole ta iso da kayan da ta taso da su ba. Man da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya muka ce masa ruwa-ruwa, don ɗan duwan ya ji ana maganar ruwa. Tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu 2023 sana'ar ta shiga wani hali, kalmar dai tana nan.

Sunayen unguwanni ba zan daɗe a kansu ba, kun fi ni sani. Bukoki bukkoki ne. Katako kasuwar katako ce kafin ta zama kasuwar komai. Harobanda bayan ruwa. Lazare kalmar Faransanci ce ta wurin da ake killace masu cuta, kuma a nan ne aka tara dubban mutanen da fari ya koro a 1973 da 1974. Wadda ta fi burge ni ita ce Pays-Bas. Mutane sun zauna a cikin kwari, inda ruwa yake kwanciya, inda babu wanda ya yanka musu fili, suka ce to mu ma ga mu a Holan. Mai wannan barkwancin bai jira magajin gari ya zo da allo ba.

Yanzu fada. Duk wanda ke nan ya zauna a fada, ko da ya ce wucewa yake. Fada a Hausa wurin sarki ne, inda fadawa suke zama a yi shari'a a yanke magana. A farkon shekarun 1990, lokacin da aka kashe ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka yi babban taron ƙasa a 1991, gwamnati kuma ta daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu aiki, samari suka shimfiɗa tabarma a gindin bango da butar shayi da rediyo, suka kira wurin fada. Ku lura da abin da suka yi. Ba su ce mazauna ba, ba su ce dandali ba. Sun ɗauki sunan wurin da ya fi kowane wuri daraja a garin Hausa suka ɗora wa bencin marasa aiki, har da shugaba da ma'aji da mai haɗa shayi. Ni a ganina wannan shi ne ƙorafin siyasa mafi ladabi da aka taɓa yi a ƙasar nan: tunda ba a kira mu can ba, ga tamu. Wata malamar jami'a a Amurka, Adeline Masquelier, ta rubuta littafi sukutum a kan fada, ya fito a 2019. Mu da muke zaune a ciki ba mu rubuta ba tukuna.

Ga abin mamaki. A Damagaram wasu matasa sun fassara kalmar zuwa Faransanci, suka ce palais. Fada da palais a ƙamus abu ɗaya ne. A titi kuwa kowa ya san ba ɗaya ba ne: palais ta zama sunan ƙungiyoyin ƙarfi, masu ɗaga ƙarfe, waɗanda ake tsoro, irin waɗanda Aisha Macky ta nuna a fim ɗinta mai suna Zinder a 2021. Kuma don Allah, masu rubutu a salula, ku nemi ɗ mai lanƙwasa. In ka rubuta wa uwarka cewa kana wurin fada, tana iya karantawa kana wurin faɗa, hankalinta ya tashi a banza.

Mu shiga siyasa, inda abin ya fi nauyi.

Sawaba tsohuwar kalma ce mai tushe a Larabci, tana nufin sauƙi, samun sarari bayan ƙunci. Jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano ta ɗauke ta a 1950, nan kuma ta zama sunan jam'iyyar Jibo Bakari. An haramta jam'iyyar a 1959, shekaru da yawa mutum bai isa ya furta kalmar a kasuwa ba sai ya waiga. Kalmar Hausa ce tsaf, amma ta zama abin tuhuma. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1993 kalmar ita ce canji. Ƙawancen AFC ya ci zaɓe, Mahamman Usman ya hau. Ba a daɗe ba titi ya fito da tasa kalmar: wasoso. Kun san wasoso tun kuna yara. A watsa alewa ko kuɗi a wurin biki, yara su rufa, mai ƙarfi ya kwashe, ƙarami ya tashi da ƙura a baki. Da mutane suka ga yadda jam'iyyun ƙawance suke raba ministoci da kamfanonin gwamnati da kujerun farfe da sufurfe, wannan naka wannan nawa, ba su rubuta rahoto ba, suka ce wasoso. Masana kimiyyar siyasa sun yi shafuka suna bayanin abin da kalma ɗaya ta gama faɗi. Kuma kalmar ba ta tsaya kan AFC ba. Duk gwamnatin da ta zo bayan nan an auna ta da ita, kuma kun san sakamakon awon.

Tazarce kuma shigo da ita aka yi. A Nijeriya aka haife ta, lokacin Janar Sani Abaca, da aka shirya ya tuɓe kaki ya ci gaba da mulki. A 1998 jam'iyyu biyar ɗin da ke akwai duk suka tsayar da shi ɗan takara. Ta zarce, wato ta ci gaba, kar a tsaya. Har wata doguwar riga da ake yayi lokacin aka sa wa suna tazarce. Abaca ya rasu a watan Yuni 1998, aka ɗauka kalmar ta bi shi. Bayan shekara goma sai ga ta a Damagaram da Yamai, a ƙarshen 2008, a bakin masu cewa a bar Tanja Mamadu ya ƙarasa ayyukansa. Sauran kun sani ko kun ji a gida: an rushe majalisa a watan Mayu 2009, an rushe kotun tsarin mulki, an yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta 2009, sojoji suka kawo ƙarshen zancen ranar 18 ga Fabrairu 2010.

Abin lura shi ne, masu tazarce da kansu suka zaɓi kalmar, da alfahari, suka buga ta a riguna. Yau babu ɗan siyasar Nijar da zai so a kira shi da ita. Gidajen rediyon Hausa na duniya sun ɗauke ta suna auna shugabannin wasu ƙasashe da ita, Alfa Kwande a Gini, Alasan Watara a Kodebuwa. Ɗalibin da ya maimaita aji ma abokansa sai su ce ya yi tazarce. Kuma Faransanci ya ara: jaridun garin nan sun rubuta tazartché, suka ƙara mata wutsiya suka ce tazartchiste. Haka aka yi wa guri, wanda shi ne buri a bakin mutanen Tawa da Adar, taken ƴan PNDS: aka samu guriste, kuma a bakin ƴan adawa kalmar ta tashi daga fata ta koma zargi. Kullum ana ce mana mu ne muke ara, lakwal, kaminyo, kuran, jandarma. To aron ba hanya ɗaya yake bi ba.

Wadda na fi so a cikinsu ita ce ta yi tauri. Ba a ambaci sunan kowa ba. Wace ce ta yi tauri? Rayuwa ce, ko kasuwa, ko tuwon jiya? Ba wanda zai kai ka kwamisariya don ka ce ta yi tauri. Amma a shekarun 2017 da 2018, lokacin zanga-zangar dokar kasafin kuɗi, lokacin da aka kama shugabannin ƙungiyoyin farar hula ranar 25 ga Maris 2018, kowa ya san wace ce, ya kuma san wa ake nufi ya taurara ta. Wannan ita ce tsohuwar dabarar Bahaushe, habaici. Mai habaici ya san inda ya jefa, wanda aka jefa ya ji a jikinsa, alƙali kuma ba shi da abin kamawa.

Kakanninmu ma haka suka yi da yunwa. Ba su riƙe shekara da lamba ba, suna suka ba ta. Ta 1913 zuwa 1914 Hausawa suka ce Kakalaba, Zabarmawa suka ce Ganda-beri. Masanin tarihi Bureima Alfa Gado ya tattara irin waɗannan sunaye a littafinsa na tarihin yunwa a Sahel. Ta 1984 zuwa 1985 kuwa sunanta El-Buhari, wato ƴar Buhari, don ta zo daidai lokacin da Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakokin Nijeriya, hatsi ya kasa shigowa. Mutumin ya dawo mulki bayan shekara talatin, ya sake rufe iyaka a watan Agusta 2019. Tsofaffin Maraɗi da Ƙonni ba su buƙaci mai sharhi ya yi musu bayani ba, suna da kalmar a ajiye.

Tun bayan 26 ga Yuli 2023 abin da ke bakin kowa shi ne labu sanni no, zancen ƙasa ne. Ba zan gaya muku abin da za ku ji game da shi ba, a ɗakin nan akwai masu faɗinsa da zuciya ɗaya, akwai masu yin shiru. Abin da zan ce kawai, ku riƙa saurarensa kamar yadda muka saurari canji da tazarce da guri. Wa yake faɗi, a wane wuri, don a buɗe magana ko don a rufe ta? Kun riga kun ji shi a bakin mai shago da ya ƙara farashi, da bakin abokin da ya ƙi biyan bashi. Ranar da taken siyasa ya shiga barkwanci, titi ya fara auna shi ke nan.

Na ce za mu dawo kan kalmar da ta zama abin tuhuma. Dokar laifuffukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri kan zagi da ɓata suna ta hanyar sadarwa. An cire ɗaurin a 2022, aka maido da shi a watan Yuni 2024. Ke nan abin da kuke rubutawa a Facebook da muryar da kuke turawa a WhatsApp suna iya kai mutum gidan kaso. A irin wannan yanayi zaurance da habaici sukan yawaita, kuma ba laifin matasa ba ne. Amma habaici yana da tsada. Yana kare mai magana, ba ya kama ɓarawo. Wasoso ta shekara talatin a bakinmu, ba ta taɓa maido da dala ɗaya baitulmali ba. Wani lokaci ma dariyar da muke yi ita ce take sa mu haƙura.

Ku duba kalmomin cin hanci. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke nan Yamai, su Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun tattara su tun farkon shekarun 2000. Ba wanda yake cewa ba ni rashawa. Kuɗin goro ne, kuɗin shayi ne, a Zabarmanci kalam dene, bakin alƙalami. A Faransancinmu a ce a yi geste, ko a ce mutum yana da PAC, dangi da abokai da sanayya. Duk kalmomin ladabi ne da zumunci. Goro abin girmamawa ne, da shi ake neman aure, da shi ake raɗa suna. In ka kira abin da ka ba ma'aikaci goro, ka wanke shi ka wanke kanka, wanda ya ƙi bayarwa shi ne ya zama marowaci marar tarbiyya. A nan kalmar titi ba ta tare da talaka. Tana yi wa mai cutarsa aiki, kuma da bakinmu.

Akwai ma wadda ta fi wannan ciwo. Buzu. Yaro a garin nan yana faɗinta yana nufin duk wani mai rawani, ko mai gadi, ko mai shayi. Asalinta kuwa sunan bayin Abzinawa ne, waɗanda Zabarmawa suke kira Bella. Wannan ba tarihin da ya wuce ba ne. An kafa ƙungiyar Timidriya a 1991 don yaƙi da bauta. Sai a 2003 dokar ƙasa ta mai da bauta laifin da ake ɗaure mutum a kai. Ranar 27 ga Oktoba 2008, a nan Yamai, kotun CEDEAO ta yanke hukunci cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12. Wasu za su ce ai wasa ne, muna da taubasantaka, har UNESCO ta sa ta cikin gadon duniya a 2014. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma wasan taubasai yana da sharaɗi: in na tsokane ka, kana da ikon ramawa daidai wa daida, mu tashi muna dariya. In ɗaya yana dariya ɗaya yana haɗiye rai don a gidansu an san wanda ya mallaki kakarsa, wannan ba taubasantaka ba ce.

Mata kuma, ku ƙirga sunayen da titi ya ba ku. Gabdi. Kilaki, wadda ta fito daga kalmar Ingilishi ta akawu, don matan da ke hulɗa da akawunan zamanin Turawa. Go, wadda ta zo daga Abijan tare da kiɗan kupe-dekale da sauran nushi. To shi namijin da yake biyan kuɗin hayar gabdi, mene ne sunansa? Alhaji. Patron. Babban yaya. Na nema ban samu kalmar wulaƙanci ɗaya da aka ware masa ba. In akwai a fadarku ku faɗa mini bayan an tashi.

Wani gargaɗi kan asalin kalmomi, don na ga ana yawo da ƙarya da yawa a intanet. Kalma biyu su yi kama ba ya nufin ɗaya ta haifi ɗaya. Misali mafi girma shi ne boko. Shekara da shekaru ana koyar da cewa daga kalmar Ingilishi ta littafi ta fito. Masanin Hausa Paul Newman ya rubuta maƙala a 2013 ya nuna ba haka ba ne. Boko tsohuwar Hausa ce, ma'anarta abin yaudara, abin da ba na gaske ba. Ga amaryar boko, wadda ake rufewa a ɗora a doki don a ɓatar da hankalin mutane alhali amaryar gaskiya ta bi wata hanya. Ga biri-boko. Da Turawa suka buɗe makarantarsu a Kano a 1909, malamai suka kalli karatun suka ce wannan na boko ne, na gaskiya yana allo. Wato duk mu da muka shiga lakwal muna yawo da sunan da aka raɗa mana don raini, mun karɓe shi har muna cewa mu ƴan boko ne da ƙirji a buɗe. Labarin ya fi na littafi daɗi, ya kuma fi shi gaskiya. Saboda haka in wani ya turo muku cewa kalma kaza gajarta ce ta wasu kalmomin Turanci huɗu, ku tambaye shi wa ya faɗa, yaushe, a wane gari.

Abu na ƙarshe. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ni Bahaushe ne, ba zan ɓoye cewa na ji daɗi ba. Amma na san akwai abokaina Zabarmawa da Fulani da Abzinawa da Barebari da Tubawa da Gurmawa da suka ji wani abu daban, kuma ba mahaukata ba ne. Yamai gari ne da aka gina a ƙasar Zabarmawa. Hausar da ake yi a nan ba ta Kano ba ce, ba ta Damagaram ba ce. Hausa ce da take cewa fofo, take hawa faba-faba, take sayayya a Habu Bene, take cewa kala suru in an yi rashi. Mawaƙan rap na ƙarshen shekarun 1990 sun gane wannan tun kafin gwamnati: Kaidan Gaskiya suna ne na Hausa, Lakal Kaney na Zabarmanci, Wass-Wong kuwa haɗin wasiƙa ne da wongari, rabi nan rabi can. Ko dandali da muke kiran finafinan soyayya da shi, daga dandal na Barebari ya zo, filin ƙofar fadar Shehu.

Tsorona shi ne a kafa kwamiti, a zauna a ofis mai sanyi, a ce za a tsarkake Hausa, a share faba-faba a kawo wata doguwar jimla da ba direban da zai faɗa. An sauya sunayen tituna a watan Oktoba 2024, titin De Gaulle ya koma titin Jibo Bakari, kuma ya cancanta. Amma ku hau taksi gobe ku ji da wane suna ake kwatance. Ƴan Nijeriya har yau in wuta ta ɗauke NEPA suke zagi, alhali an canja wa kamfanin suna tun 2005. Doka tana iya sauya allo a rana ɗaya, baki yana ɗaukar shekaru, kuma sai ya ga dama.

Ga abin da nake roƙo. A nan akwai wakilan fada fiye da goma. Kowace fada ta sami kaye ɗaya na dala hamsin. Duk sabuwar kalmar da kuka ji, ku rubuta ta, da ranar da kuka ji, da unguwar, da irin mutumin da ya faɗa, da jimlar da ya sa ta a ciki, ban da sunansa. Ku je wurin kakanninku mata ku tambaye su sunayen yunwa, da sunayen atamfa, da yadda ake kiran ɗan sanda lokacin Kunce. In ta Zabarmanci ce ko Fulatanci ko Tamajak, ku rubuta ta yadda aka faɗe ta, kar ku fassara tukuna. Bayan wata shida mu haɗa kayen a wuri ɗaya mu ga abin da muka samu.

Na ga hannu biyu a baya tun ina maganar gabdi. Ƴar uwa mai jan kallabi, a miƙa mata makirfo, ke za ki fara.